Daga Garwa zuwa Andalus: kwana 14 a birane biyar

Shekara ashirin da ɗaura mana aure, ni da uwargida ba mu taɓa yin wata tafiya mu biyu kaɗai ba wadda ba ta biki ba ce, ba ta ta'aziyya ba, ba kuma ta asibiti ba. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Garwa, ita kuma tana sayar da atamfa da turaren wuta a gida, saboda haka kuɗin wannan tafiya adashinta ne na shekara biyu, da kuɗin wani fili da na sayar a bayan gari, da gudummawar ƙanena da ke aiki a Duwala. Tun cikin azumin 2024, lokacin da zafin Garwa yake hana mutum barci har a tsakar gida, na zauna na zana tafiyar a takarda kamar yadda nake zana jadawalin darussa: Lizbon a Fotugal, sannan Ishbiliya da Ƙurɗuba da Garnaɗa da Barselona a Sifaniya. Da ta duba takardar sai ta ce, "Malam, wannan hutu ne ko tallan goro?" Na yi dariya ban sauya komai ba, kuma daga baya na gane da gaskiyarta.

Neman biza shi ne tafiya ta farko. Ƙa'idar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ita ce mutum ya nema a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, don haka muka shiga mota zuwa Ngaundere, daga can muka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ɗauke da takardar banki, da shaidar masauki a kowane gari, da inshorar lafiya wadda doka ta ce kada ta gaza yuro 30,000. Kuɗin bizar ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a ranar 11 ga Yuni na shekarar, kwanaki kaɗan kafin mu je, wato kusan jaka 59 ga kowannenmu. Sauƙi ɗaya da mai riƙe da sefa yake da shi shi ne farashin yuro ba ya motsi, sefa 656 ne har kullum, amma wannan sauƙin shi ne kuma azabar, domin duk abin da ka saya lissafinsa yana fito maka fili nan take. Kilishin da surukata ta sa aka yi mana kuwa a gida muka bar shi, saboda dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara. Yaji da garin kuka ne kaɗai suka tsira a cikin jaka.

Mun sauka Lizbon ta hanyar Kasabalanka ranar 10 ga Yuli, kuma ba mu taɓa agogo ba, domin a lokacin bazararsu lokacin Fotugal daidai yake da na Kamaru. Gari ne na hawa da gangara, mai iska mai sanyi daga teku, kuma mun shiga ƙaramin jirgin ƙasan nan rawaya mai lamba 28 da yake bin lunguna har kamar zai goge bangon mutane. Abin da ya kai ni can ɗaya ne. A unguwar Belem, a bakin kogin Tejo, akwai babban ginin tunawa da matuƙan jiragen ruwan Fotugal, kuma irin waɗannan matuƙa ne suka isa bakin kogin Wuri a 1472, suka tarar da jatan lande da yawa, suka kira wurin Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande, sunan da ya rikiɗe ya zama na ƙasarmu. Na shekara goma sha takwas ina faɗa wa ɗalibai wannan, sai ga ni tsaye a gaɓar da jiragen suka tashi. Uwargida ta tambaye ni ko jiragen da suka kwashi bayi ma daga nan suke, na ce mata daga nan suke, sai ta ce to a yi hoton a wuce.

Daga Lizbon babu jirgin ƙasa kai tsaye zuwa Ishbiliya, wadda masu garin suke kira Sebiya, saboda haka muka yi kusan yini guda a mota, muka ƙara awa ɗaya a agogo da muka ƙetare iyaka. A nan ne bazarar Turai ta nuna mana haƙoranta. Na daɗe ina cika baki cewa mutumin Garwa ba ya tsoron rana a ko'ina, amma zafin Andalus, wato kudancin Sifaniya, iri ne daban: busasshe ne, yana kai ma'auni 40, kuma ba ya sauka da la'asar, domin a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura kwata na dare. Mu da muka saba magariba ta same mu wajen ƙarfe shida shekara duk, sai muka koma yin isha'i bayan sha ɗaya na dare, asuba kuma ba ta jira. Da yake ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu a kowane gari ba, mun yi ta ƙasaru har muka dawo. Mutanen garin sun fi mu dabara, suna rufe ƙananan shaguna bayan azahar, su fito da yamma, su ci abincin dare wajen ƙarfe goma, yara ƙanana suna wasa a dandali a lokacin da a unguwarmu an daɗe da rufe ƙofa.

Daren 14 ga Yuli bai bar kowa ya yi barci ba, domin a ranar ce Sifaniya ta ci Ingila biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Turai. Da mai masaukinmu ya ji daga Kamaru muke sai ya ambaci Eto'o, ni kuma na tuna masa cewa mahaifiyar Lamine Yamal 'yar Gini Ikwatoriya ce, maƙwabciyarmu ta kudu, don haka muna da kaso a kofin. Washegari, da idanu jajaye, muka hau Hiralda, hasumiyar da Muwahhidawa, sarakunan Musulmi daga Maroko, suka gina tsakanin 1184 da 1198 domin babban masallacin garin, wadda a yau take ɗauke da ƙararrawar coci. Ba matakala ake takawa ba sai gangara mai zagayawa, an ce domin ladan ya iya hawa a kan dabba. Daga sama muka hango kogin Guadalquivir, wanda ba kome ba ne illa Wadil Kabir da harshe ya tauna.

Kafin in wuce, abinci ya cancanci magana. Cinyoyin alade a rataye suke a kusan kowane gidan abinci, kuma matsalar ba ta ƙare a abin da ido ya gani ba, domin akan yayyafa naman a kan miyar tumatir mai sanyi, akan kuma sa kitsensa a cikin wasu kayan fulawa. Mun koyi tambaya kafin mu ci, mun dogara da kifi da ƙwai da dankali da burodi da man zaitun, sai kuma shagunan 'yan Maroko inda muka same su. Yajin uwargida ya yi aikin da ya fi na biza.

Tsakanin Ishbiliya da Ƙurɗuba minti 45 ne kacal a jirgin ƙasa mai sauri, kuma a Ƙurɗuba ne tafiyar ta fita daga hannuna ta koma hannunta. Uwargida 'yar malamin zaure ce, ta tashi tana jin almajiran mahaifinta suna rera Ishiriniya a daren Mauludi, kuma ta haddace da yawa daga ciki tun ba ta san ma'anarta ba. Da na gaya mata cewa Alfazazi, mai waƙar, haifaffen wannan gari ne, ya kuma rasu a 1230, sai ta tsaya cak a tsakiyar titi. A wurinta Ƙurɗuba suna ne da yake zuwa a ƙarshen sunan wani malami, kamar Alƙurɗubi mai tafsiri, bai taɓa faɗo mata a rai cewa gari ne mai kasuwa da tashar mota da masu sayar da ruwan sanyi ba. Ni kaina da nake koyar da tarihi, Andalus a darasina shafi biyu ce.

Mun shiga babban masallacin da safe ta farfajiyar itatuwan lemo, inda a da ake alwala. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara gininsa a wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi kusan shekara 200, har ginshiƙan da suka rage a yau sun haura 850, da bakuna masu ratsin ja da fari ɗaya bisa ɗaya, ta yadda duk inda ka waiwaya kamar kana cikin gonar dabino. Mihirabin da Alhakam na Biyu ya ƙawata bayan 961 yana nan da ayoyinsa cikin ruwan zinariya, an kewaye shi da shinge. Kiristoci sun karɓi garin a 1236 suka mai da ginin coci, a 1523 kuma aka fara gina babban ɗakin ibada a tsakiyarsa, don haka mutum yana tafe cikin sahu sai ya tsinci kansa a gaban gumaka da kujerun mawaƙa. Ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, kuma mun san haka tun kafin mu shiga. Ba zan ɓoye ba, abin ya taɓa ni, ko da yake a matsayina na mai karanta tarihi na san cewa mai da shi cocin yana cikin dalilan da suka sa bai rushe ba, alhali babban masallacin Ishbiliya hasumiya da farfajiya kaɗai suka rage daga gare shi. Na fara yi mata wannan bayani, sai na lura leɓunanta suna motsi a hankali a gaban mihirabin, na ja bakina na yi shiru. Kwana biyu kawai na ba Ƙurɗuba a jadawalina, kuma wannan ne babban kuskuren da na yi.

Garnaɗa tana gindin duwatsun Sierra Nevada, darenta da sanyi-sanyi kamar na Ngaundere. Tikitin Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na garin, mun saye shi ta intanet tun muna gida, domin fadojin ciki da awa ake shigarsu, sunanka yana kan tikitin, ana kuma duba fasfo. Sarakunan Banu Nasar ne suka fara gina ta a 1238, suka jawo mata ruwa daga kogin Darro ta magudanar da take shayar da lambuna da kwatamai, kuma ga mutumin da ya san darajar ruwa a watan Afrilu a Garwa, ƙarar ruwan nan mai gudana a kowane tsakar gida ta fi zanen bango shiga rai. Amma bangon ma yana magana. Muna tsaye a bayan wani ayarin baƙi, jagoransu yana ta bayani a kan kyawun zanen, sai uwargida ta kai yatsa kusa da bango ta karanta a fili: wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Taken gidan sarautar ne, an maimaita shi ba adadi, kuma masu taken ne suka miƙa mabuɗan garin a ranar 2 ga Janairu 1492. Wata dattijuwa Baturiya ta juyo ta tambaye ta da Faransanci ko da gaske tana iya karantawa, sai ga uwargida, wadda ba ta wuce aji shida na firamare ba, tana bin bango tana karanta mata, ni mai digiri ina riƙe da jaka.

Da yamma muka hau unguwar Albaisin, muka yi magariba a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda lambunsa yake fuskantar Alhamra daga wancan tudu. A can na tuna mata cewa Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu cikin azumi, ya taɓa riƙe alƙalancin wannan gari, kuma Malikiyyar da muke bi ita ce mazhabar mutanen Andalus. Ta ce ashe ziyarar dangi muka zo.

Barselona ba ta sami haƙƙinta daga gare mu ba. Mun isa bayan fiye da awa shida a jirgi, ƙafafunta sun kumbura, kuɗi sun ja baya, garin kuma cike yake maƙil, har a farkon watan wasu mazauna sun yi zanga-zanga suna fesa wa baƙi ruwa saboda tsadar haya. Filin Camp Nou, inda Eto'o ya buga daga 2004 zuwa 2009, wanda dominsa na sa garin a jadawali, ana cikin sake gina shi, ƙarafa da injinan ɗaga kaya kawai na gani. Cocin Sagrada Familia da aka fara a 1882 shi ma ba a gama ba, daga waje muka kalle shi. Abin da na fi tunawa shi ne wani saurayi mai shimfiɗa jakunkuna a bakin teku, wanda ya ji muna Hausa ya gaishe mu. Ɗan Marwa ne, ta Agadas da Maroko ya bi, shekararsa huɗu bai ga mahaifiyarsa ba. Uwargida ta juye masa sauran yaji da kukar duka, ya karɓa da hannu biyu.

Mun dawo mun tarar damina ta kankama, Binuwai ta cika, masara ta kai ƙugu. Kwana biyu da sauka muka je gaida surukina da tsarabar man zaitun, na miƙa masa waya yana duba hotunan mihirabin ɗaya bayan ɗaya, ya kusanto da ita ga idonsa yana bin ayoyin. Can ya ɗago ya tambayi 'yarsa ko har yanzu akwai masu karanta Ishiriniya a Ƙurɗuba. Ta ce, "Baba, ban ji kowa ba, amma ni na karanta abin da ya sawwaƙa." Ya ce ta faɗa masa daga wane harafi ta fara.