Ba sonsa na daina ba, sha'awar ce ta ɗauke

Na kai wata takwas idan naji motsin maigida zai shigo ɗaki sai in juya fuskata bango in rufe ido ina jan numfashi kamar mai barci, alhali idona biyu. Wallahi ba sonsa na daina ba, kawai sha'awar ce ta ɗauke ɗif tun bayan haihuwata ta biyu, shi kuma ya ɗauka gudunsa nake, har wani dare ya zauna bakin gado yace "Don Allah ki gaya min, laifi na miki?" na rasa amsa sai hawaye.

Da naje asibiti abu na farko da likitar ta tambaya shine wane magani nake sha. Ashe sertraline ɗin da aka ɗora ni a kai saboda ciwon damuwa na bayan haihuwa yana cikin magungunan da ke kashe sha'awa, ga shayarwa da ke ɗaga sinadarin prolactin mai sa jiki ya samar da nono ta sauke estrogen, wato sinadarin mata, har gaba ya bushe a dinga jin zafi, ga rashin barci, to ina sha'awa zata fito? Ta sa aka min gwajin jini na tayirod (wata gaɓa a wuya mai fitar da sinadaran jiki) da suga, don su ma suna jawo haka. Maza kuma sinadarinsu na testosterone ake dubawa, da safe ake ɗibar jinin.

Tace sai abin ya kai wata 6 kuma yana damun mutum a ransa sannan suke lissafa shi a matsayin lalura. Ta kuma ja min kunne kar in kuskura in yanke maganin damuwar da kaina.

Abin da ke min ciwo yadda ake rugawa sayen haɗe-haɗen da ake talla a intanet ba a san musabbabi ba. Ko Viagra ma, maganin ƙarfin maza, jini yake turawa gaba, baya kawo sha'awa. Maganin Addyi da Amurka ta amince da shi a 2015 don ƙara wa mata sha'awa, kullum ake sha kuma taimakonsa kaɗan ne.

Ni dai a hankali aka canza min magani, aka bani man shafawa saboda bushewar, zuwa na biyu kuma tare muka je da maigida, likitar ta masa bayani cewa mata da yawa sai an fara wasa da hira sannan sha'awar ke tasowa. A hanyar dawowa ya riƙe hannuna yace daga yau shi zai dinga tashi da jaririn dare ɗaya, ni ɗaya.