Yadda na canza wa kwamfutata man furosesa a zafin Kano

Idan Afrilu ya kama a Kano zafi kan haura digiri 40, lokacin ne kwamfutocin gwanjo ke tona asirin kansu. Tawa laftof ce ta HP. Fanka ta yi ta kuka, aiki ya yi nauyi, manhajar HWMonitor mai nuna zafin kwamfuta tana nuna min furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya haura digiri 90. Yawancin furosesan Intel da sun doshi 100 sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, in abin ya ci tura kwamfutar ta ɗauke.

A Beirut Road na sayi man, wato wanda ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe masa zafi, Arctic MX-4, a ɗan sirinji. Wani dattijo mai gyara ya dube ni ya ce, “Yaro, ka fara duba ƙura tukuna, ba kullum ne laifin mai ba.” Gaskiyarsa. Da na cire batir na kwance bayanta, ƙurar hunturu ce ta dunƙule tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita. Ko man zinare ka shafa, in nan a toshe yake, aikin banza ne.

Tsohon man kuwa ya bushe ya tsattsage kamar laɓar bakin kududdufi da rani. Na jiƙa tsumma mai laushi da sifirit na yi ta goga a hankali har fuskar furosesan ta yi sheƙi, haka ma jan ƙarfen da ke zama a kansa, na bar su suka bushe.

A nan mutane ke ɓata aiki. Man ba shi ne ke sanyaya komai ba. Fuskokin biyu, duk santsinsu a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa, ita kuwa iska ba ta ɗaukar zafi da kyau. Aikin man ya cike ramukan nan kawai. In ka lafta shi da yawa, sai ya malala gefe ya ɓata wuri. Ɗigo ɗaya na sa, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Da yake furosesan laftof ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, na baje shi siriri da gefen tsohon katin ATM har ya rufe ko'ina. Masu cewa man goge baki ma yana yi, su bari ya kwana biyu su ga yadda zai bushe.

Notinan da ke ɗaure jan ƙarfen a kan furosesan suna da lambobi a jikin ƙarfen, 1 zuwa 4. Bi na yi da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne juyi kaɗan, don nauyin ya sauka daidai. Da ka ɗora ƙarfen kada ka sake ɗagawa don leƙe. In ka ɗaga, goge ka sake sabo.

Yanzu ko da tsakar rana ba ta wuce 70 da 'yan kai. Na kuma daina ɗora ta a kan katifa.