Asabar a garejin Oga

Yau ma da na tada motata Tsohuwa da sassafe sai da ta yi wannan ƙiiiin nata, har ya fi na jiya tsawo. Tun da sanyin hunturu ya shigo take yi. Na buɗe bonet na haska da fitilar waya, na ga fambel, bel ɗin robar da ke gaban inji, ya tsattsage ta ciki, gefensa kuma ya goge har yana sheƙi. Na sauke uwargida a Kasuwar Barci na wuce Kurmin Mashi, garejin Oga makanikena.

Masu tambayata me ya sa nake damuwa da 'yar robar nan, a Vitara irin tawa, ta 1996 mai injin 1.6, ita ce ke juya altaneta da famfon ruwa, fankar lagireto ma a kan famfon take. In ta tsinke a tsakiyar baifas, fitilar batir za ta kama, allurar zafi ta fara hawa, in ka yi gardama ka ci gaba da tafiya sai gasket ya ƙone. Fambel daban yake da taimin bel, wanda ke ɓoye cikin murfinsa.

Oga ya cire tsohon ya miƙo min, ya ce in je Oriakpata, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da shi a hannu a gwada. Mai shagon ya fara fito min da na beljiyam, wai ya fi ƙarko. Na ce a'a. Ƙarfe nake saya na hannu, roba kuwa ko a ajiye take tsufa take yi. Na duba rubutun bayan sabon: 4PK, wato layi huɗu, sai lambar tsawonsa da milimita. Ta yi daidai da ta tsohon. Na biya na dawo.

A nan ranar ta juya min.

Na tarar Oga yana ƙarƙashin wata Hilux, sai ya ce wa ƙaramin yaronsa, mai jar hular nan, ya ɗaura min. Yaron ya yi murna ƙwarai, na gani a fuskarsa. Ya sassauta notin altaneta, ya zura bel ɗin a kan fuli ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa don kowane layi ya zauna a raminsa. Har goge fulin ya yi da tsumma saboda ɗigon baƙin mai da ya gani, kuma ya yi daidai, don mai ne ke cinye roba. Sannan ya sa dogon ƙarfe ya banƙare altaneta iya ƙarfinsa ya ɗaure. Ya ce, "Baba, an gama, ba za ta ƙara kuka ba."

Oga ya fito yana share hannu. Ya ɗora babban yatsa a tsakiyar bel ɗin ya danna. Ko motsi bai yi ba. Sai kawai ya juya ya hau yaron da faɗa, a gabana, a gaban mai shayi, a gaban sauran yaran. "Kai wane irin dabba ne? Shekara nawa kana nan? So kake ka kashe wa Alhaji boris?" Ya fizge sifanar daga hannunsa. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ja gefe ya tsaya jikin wata mota da babu tayoyi, yana murza bakin rigarsa.

Na ce, "Oga, a yi haƙuri, ai koyo yake."

Ya ce, "Alhaji, ni da sifana aka koya min, a ƙeya. In ban yi masa haka ba gobe zai sake."

A kan bel ɗin Oga yana da gaskiya, ban musa ba. In an ɗaure shi tamau, boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne ke ɗaukar nauyin, bayan ɗan lokaci su fara gurnani, famfon ya soma yoyo, aikin ƙaramin kuɗi ya koma na babba. In kuma ya yi sako-sako sai ya riƙa zamewa, shi ne ƙarar nan ta safiya, lokacin da altaneta ke fama ta mayar wa batir abin da aka ci wajen tada mota. Oga ya sassauta, ya sake ɗaurewa, ya danna da yatsa, bel ɗin ya ɗan lotsa ƙasa da faɗin yatsan. Ya ce haka ake so. To wannan dannawar, me zai hana ya kama yatsan yaron ya ɗora a wurin ya ce masa ji nan? Minti ɗaya ne. Yaron da ya lura da ɗigon mai ba tare da an gaya masa ba, ai ba daƙiƙi ba ne. Kuma sa'an ɗana Auta ne. Da wani ya kira Auta dabba a gaban jama'a saboda ya yi ƙoƙari ya wuce gona da iri, da ban yi barci ba. Na san Oga shekara da shekaru, mutumin kirki ne, bai taɓa cutata ko da kwabo ba, shi ya sa abin ya fi tsaya min a rai.

Na ba yaron na abinci a ɓoye. Ya karɓa da hannu biyu, bai ɗago ba.

Ɗauko uwargida. Cunkoso a Tudun Wada. Yaya ya kira, zancen dai na sayar da motar, na ce masa sai mun haɗu. Tuwo da miyar kuka, wuta ba ta dawo ba har isha.

Sabon bel yakan ɗan saki bayan an yi tafiya da shi, don haka Oga ya ce in leƙo mako mai zuwa a sake dubawa. Bayan sallah na kira shi na ce zan zo ranar Laraba, kuma ina so yaron nan ne zai duba, shi ya tsaya a kansa ya nuna masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To Alhaji, Allah Ya kai mu."