Bonas ɗin da na kashe tun kafin ya shigo

Gab da azumin 2026 oga ya tara mu a ofis nan Ikeja ya ce za a ba mu bonas saboda aikin bara ya yi kyau, ni nawa naira 500,000. Wallahi tun a cikin danfo kan hanyar komawa Agege na gama raba kuɗin a raina, na kira Inna a gida na ce a kira mai rufi ya zo ya auna ɗakinta kafin damina, na ce wa uwargida ta zaɓi atamfar Sallah ita da yara, har ƙanina na yi wa alƙawarin cikon kuɗin makaranta.

Ranar da alat ya shigo sai na ga 410,000. Dubu casa'in babu.

Raina ya ɓaci sosai, washegari da sassafe na shiga wajen akanta ina tunanin kuskure aka yi ko kuma wani ne ya taɓa. Mutumin ya ce in zauna, ya ɗauko biro da takarda. Ya ce Malam ai bonas a wajen hukuma ba kyauta ba ce, kuɗin aiki ne kamar albashi, dole a cire masa PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, a tura wa LIRS, hukumar haraji ta jihar Legas, kafin 10 ga watan gaba, in ba a cire ba kamfani za a kama.

Na ce to ai albashina ba a cire mini kashi 18, me ya sa a nan aka cire? Nan ne fa ya buɗe mini ido. A sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, harajin hawa-hawa ne: 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka har a kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Ni albashina 400,000 ne a wata, wato miliyan 4.8 a shekara, ko an cire fansho na riga na wuce miliyan 3, ka ga albashin kaɗai ya cinye matakan ƙasa masu sauƙi, bonas kuwa a samansa yake zuwa ya zauna, duk nairarsa a kashi 18 take faɗawa. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne a wurinmu ba a cire kashi 8 na fansho daga bonas, don a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota ake lissafa shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kiran Inna in ce mata rufin sai an ɗan jinkirta. Ta ce ba komai Allah ya sa albarka, amma ni na san na yi gaggawar baki. Atamfa dai an saya, ƙanin nawa rabi ya samu.

Kafin in fita akantan ya tambaye ni ko na kawo rasit ɗin hayar gida, ashe sabuwar dokar tana rage kashi 20 na kuɗin haya daga abin da ake yi wa haraji, iyakarsa 500,000. Ni 900,000 nake biya, ragin 180,000 ke nan, kusan 32,400 na haraji za su tsira a hannuna a shekara, kuma wata biyu ina zaune ban sani ba! Da yawa cikin 'yan uwanmu da ke aikin albashi a Legas ba sa ma karɓar rasit a hannun mai gida, sai dai a tura kuɗi a yi shiru. Ni dai a daren nan na buga wa mai gidanmu waya, ranar Litinin na kai takardar ofis.