Ranar da Yara Suka Yi wa Ɗana Shari'a

In mutanen garinmu suka kira ni, tambayarsu ba ta wuce sanyi da abinci. Nakan ce musu jihar Fulorida ta Amurka, inda nake zaune, ba garin ƙanƙara ba ce, zafinta ma ya fi na bazarar Jigawa naci, ga gumi ga iska mai nauyi. Abinci kuwa tuni muka shawo kansa, akwai shagunan 'yan Afirka, garin kuka da daddawa kuma duk mai zuwa daga gida sai ya ƙullo mana. Abin da ya fi ba ni wuya, wanda ba mai tambayata, shi ne tarbiyyar yaro a ƙasar da ɗa ba na kowa ba ne.

A ƙauyenmu, can wajen Ringim, yaro bai isa ya yi ɓarna a bakin kasuwa labari bai riga shi zuwa gida ba, kuma kafin ya iso wani baffansa ya riga ya ja masa kunne. A nan maƙwabci zai ga ɗanka yana abin da bai dace ba ya kau da kai, in abin ya ishe shi ya kira 'yan sanda. Ni tun asuba ina sito ina lodin kaya, uwarsu tana aikin jinyar tsofaffi, dangi kuwa sai a waya.

A haka babban ɗana, yana da shekara 14, ya ɗauki iyafis a wani kanti ya zura a aljihu, kyamara tana kallonsa. Da aka kira ni gabana ya faɗi, don baƙo a ƙasar mutane ba abin da yake tsoro kamar sunan gidansa ya shiga takardar hukuma. Amma ɗan sandan bai kai shi ɗakin tsarewa ba. Ya ce tunda laifin ƙarami ne, shi ne na farko, yaron kuma ya amsa, za a iya tura shi kotun matasa, inda sa'anninsa za su yanke masa hukunci. In ya cika abin da aka ɗora masa, a rufe maganar ba tare da an kai shi kotun yara ta gwamnati ba.

Da raini na je. Yara su yi wa yaro shari'a? Da yamma aka zauna, bayan an tashi daga aiki, a ainihin ɗakin shari'a na gundumarmu. Babba ɗaya ce a cikinsu, wata lauya da ta zo aikin sa kai ta hau kujerar alƙali. Mai gabatar da ƙara yarinya ce 'yar sakandare, ta sa kwat ɗin da ya yi mata yawa, tana ta naɗe hannunsa. Mai kare ɗana ma yaro ne, muryarsa ba ta gama buɗewa ba. A gefe ga wasu matasa a jere, su ne masu yanke hukunci, kuma an rantsar da kowa cewa abin da aka ji a ɗakin ba zai fita waje ba. Daga baya na ji cewa wasu daga cikinsu su ma sun taɓa tsayawa inda ɗana ya tsaya.

Ba a yi gardamar ya yi ko bai yi ba, tunda ya riga ya amsa. Tambayoyi suka yi ta jero masa: me ya sa, wa ke tare da shi, yaya karatunsa. Yana ta amsawa da ƙarfin hali, har aka zo kan wata tambaya: ko ƙannensa sun san abin da ya yi? Nan yaron da na yi wa faɗa har muryata ta dishe bai ko sunkuyar da kai ba ya fashe da kuka. Ni ma aka tashe ni aka tambaye ni wane horo na yi masa a gida. Suka shiga wani ɗaki suka yi shawara, suka fito da hukunci: aikin gayya a wurin raba wa mabuƙata abinci, wasiƙar neman gafara ga mai kanti da wata ga mahaifiyarsa, sannan dole ya dawo ya zauna cikin masu yanke hukunci a shari'ar wasu. A ganina wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan abin. Yaron da aka ba amanar auna laifin wani, da wuya ya ci gaba da ɗaukar kansa ɓarawo.

Ni mutum ne mai son sanin inda kuɗi ke fitowa, don haka na tsare matar da ke kula da shirin. Lauyoyi da yaran duk kyauta suke yi. Ita ce ake biya, kuma ita ce ke karɓar takardu daga 'yan sanda, ta horar da yaran, ta kira iyaye, ta bi sawu ta tabbatar an yi aikin da aka yanke. Dokar Fulorida, sashe na 938.19, ta ba kowace gunduma dama, in ta ga dama, ta ƙara abin da bai wuce dala 3 ba a kan wanda aka samu da laifi a kotu ko ya biya tarar karya dokar hanya, a ware kuɗin don kotun matasa. Wato abokaina direbobi da ke zuwa masallaci ran Juma'a suna kukan tarar gudu, da aljihunsu aka yi wa ɗana shari'a. Na faɗa musu, ba su ji daɗi ba. Matsalar wannan hanya a bayyane take: in tara ta ragu kuɗin shirin ya ragu, alhali yara ba su daina laifi ba. Shi ya sa za ka ga masu shirin suna bin majalisar gunduma da masu ba da gudummawa don cike gurbi.

Abin ba sabo ba ne a Amurka. Kotun da aka kafa a Odessa ta jihar Teksas a 1983 na cikin waɗanda wasu garuruwa suka kwaikwaya, a Fulorida kuma Sarasota ta fara a 1988. A 1994 irin waɗannan kotuna 78 aka ƙirga a duk ƙasar, bayan shekara goma da 'yan kai sun haura 1,000. Amma kada a ce ina tallar maganin kowace cuta. Cibiyar bincike ta Urban Institute ta duba wurare huɗu ta fitar da sakamako a 2002. A Alaska, cikin wata shida, kashi 6 cikin 100 na yaran kotun matasa ne suka sake laifi, a kan kashi 23 na waɗanda suka bi hanyar da aka saba. A Mizuri kashi 9 ne a kan 28. A Merilan kuwa abin ya juye, kashi 8 a kan 4. Masu suka suna cewa ai yara masu sauƙin shiryuwa ake zaɓa, kuma wani yaron da tsawa kawai za ta ishe shi sai a jawo shi cikin harkar hukuma. Akwai gaskiya a maganarsu. Ni dai na rasa kuɗin aikin yammaci fiye da sau ɗaya, kuma na ga iyayen da wannan rashin ya fi ƙuntata wa.

Da kakar bara na zo gida, na tarar da wata magana a zauren Baffa, wanda shi ne mai unguwarmu. Wani yaro ya ɗebi riɗi a gonar mutane ya kai kasuwa. Mai gona ya wuce kai tsaye wurin 'yan sanda, yaron ya kwana a tsare tare da manya, sai da ubansa ya sayar da akuya kafin maganar ta dawo zaure. Na ba Baffa labarin kotun matasa. Ya saurara har na gama, ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ai wannan kalankuwa ce suka yanka mata albashi."

Ya tuna mini yadda bayan an gama girbi samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, da yadda sarkin samari kan ci tarar wanda ya ƙi fita gayya, kuma ba saurayin da ke son a kira sunansa a gaban tsaransa. Na ce, "Gaskiya ne, Baffa, amma alƙalin kalankuwa ba dokar da ta tsaya masa, kuma samarin yanzu da an kwashe amfani sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas." Abin da suke da shi can wanda ba mu da shi abu biyu ne: doka da ta ba ɗan sanda damar miƙa yaro ga wani zama daban, da mutum ɗaya da ake biya don ya bi sawun yaron har ƙarshe. Najeriya tana da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, tana kuma da gidajen gyaran hali na tarayya a Kaduna da Ilorin da Abekuta, amma tsakanin zauren mai unguwa da waɗannan gidaje akwai fili mai faɗi, kuma a nan yaron riɗi ya faɗa.

Baffa ya ce, "To wa zai karɓi kuɗin, kuma wa zai hana su narkewa a hanya?" Na kawo maganar a ware wani ɗan abu daga kuɗin shigar kasuwa, a rubuta shi a doka yadda ba mai karkatar da shi. Ya gyara zama bai ce komai ba.

Maganar yaron dai a zaure aka kashe ta. Baffa ya sa aka kira wasu samari uku sa'anninsa suka zauna, su ne suka ce ya taya mai gona yankan harawa da ɗaurin kara har a gama. Babbansu aka ɗora wa bin sawu, gonar kuma tana da nisa. Kuɗin man babur ɗin da ya riƙa hawa yana zuwa dubawa daga aljihun Baffa suka fito, da suka ƙare ni na cika sauran kafin in koma.