Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da katafila ta kwanta da ni

Makon jiya na tsaya a inda na bar tuƙin motar kaya na koma kan katafila, wannan karon a aikin gobarar daji a Kalifoniya. Wasu sun tambaya, me katafila za ta yi a wurin gobara tunda ba ta ɗaukar ruwa? Ku tuna yadda manomi yake share gefen gona kafin ya cinna wa sassabe wuta, don kada ta tsallaka gonar maƙwabci. To aikinmu ke nan, sai dai mu a kan tsaunuka muke yi. Mu kankare ciyawa da ƙirare da saiwoyi har ƙasa tsurarta ta fito, faɗin bakin katafila ɗaya, wani lokaci uku ko huɗu, in wuta ta iso ta rasa abin ci.

Watan Yulin 2018 bai yi wa masu sana'armu daɗi ba. Ranar 14 ga wata, a gobarar Ferguson kusa da gandun Yosemite, katafilar wani direban Cal Fire, hukumar kashe gobarar daji ta Kalifoniya, ta gangara da shi cikin kwazazzabo, ya rasu. Ranar 26 kuma gobarar Carr ta afka wa garin Redding, har ta tayar da guguwar wuta mai iskar da ta kai kilomita 230 a awa. A yammacin ranar wuta ta rutsa da wani dattijo ɗan shekara 81 a kan katafilarsa. Kuma duk wannan bala'i na gobarar Carr tayar wata tirela ce ta fashe, ƙarfen ya goga kwalta ya yi tartsatsi.

Uwargida ta ga labarin a talabijin ta kira ni. "Maigida, don girman Allah ka dawo motar kayanka. Ba mu ce ba ma ƙoshi ba." Na ce mata shekara goma sha biyar na yi a kan katafila a aikin hanya tun muna gida, ba yau na fara ganin tudu ba. Ta yi shiru, ta ce Allah ya tsare.

Wannan shekara goma sha biyar ɗin ce ta kusa kai ni lahira.

Cikin watan Agusta aka tura mu wata gobara can arewa. Da asuba shugaban injina ya zagayo duba kaya: labulen da ke tare zafin wuta a tagogi, oba-oba, abin kashe wuta, sai ƙasan injin, inda busasshen ganye kan taru ya jiƙe da mai, ya zama makamashi a ƙarƙashin mutum. Komai lafiya. Sai ya ɗago bel ɗin kujerata, ya ga ƙura ta daskare a bakin ƙarfen. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ya sake ganina babu bel, a ranar zan ɗora injina a tirela in kama hanya. Na ɗaura ina ƙunƙuni. A gida katafilar da na koya da ita ko ƙofa ba ta da ita, balle bel.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muna yanka layi, wato share hanyar da za ta tare wuta, a bayan wani tudu. Ƙa'ida ce da dare a samu mai tafiya a ƙasa a gabanka da fitila, shi ne idonka, domin ƙura da hayaƙi sukan mayar da hasken injin kamar farin bango. Nawa wani saurayi ne da bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya kira ni a oba-oba ya ce in tsaya, gangaren gaba ya yi tsanani, mu koma sama mu sauko a miƙe. Ya yi gaskiya. Katafila tana jure hawa da sauka kai tsaye fiye da yadda take jure ratsa gangare a karkace, kowane direba ya san haka. Amma komawa sama zai ci mana kusan awa guda, ni kuma ina hango wurin, bai fi taku arba'in ba. Na ce masa ya matsa gefe.

Abin da ban gani ba, a ƙarƙashin busasshen ganyen nan falalen dutse ne. Sarƙar ƙarfe a kan dutse kamar sabulu take a kan siminti. Na ji gindin injin ya zame. Na danna bakin katafilar ƙasa don ya riƙe, ya ƙi cizo. Sai sama ta koma gefe. Gorar ruwana ta wuce ta gaban fuskata, jakar abinci ta biyo ta, ni kuwa ban da salati ba abin da ke fita bakina.

Kututturen wata bishiya ne ya tare mu. Na samu kaina a rataye, bel ya shaƙe mini ƙugu, kafaɗar hagu ta daina jin magana, gilashin da ke ƙasana ya tarwatse a kan dutse, daidai inda kaina zai sauka da babu abin da ya riƙe ni. Na lalubo makulli na kashe injin, don ina jin warin mai.

Fitilar yaron ta leƙo ta tagar da ta koma rufi. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma har yau da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Tambayata ya yi ko ina iya motsa yatsun ƙafa. Na ce ina iyawa. Sai oba-obarsa ta yi ƙara, mai gadin da aka ajiye a kan tsauni yana cewa iska ta juya, wutar da muka bari a can ƙasan kwari ta fara hawowa. Wuta kuwa in ta samu tudu gudu take yi. Ƙofar sama ta lanƙwashe, mun ja mun tura, ta ƙi buɗewa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.