Ranar da Injina Ya Sha Ruwa

Laraba, Yawuri.

Yau ko lodi ɗaya ban kai ba. Sau uku ina wanke hannu da omo, har yanzu warin fetur nake yi, uwargida ta ce in ci tuwona a ƙofar gida.

Da sassafe muka bar kwata a jirgina na ruwa da fasinja tara da buhunan shinkafa. Ja biyu injin ya tashi. Ba mu yi nisa ba ya fara tari, ya ja ya saki, ya ja ya saki, sai ɗif. Kogin Neja kuwa a watan Agusta ba wurin tsayawa ba ne. Na ja igiya har kafaɗata ta ƙage, wata tsohuwa tana ta salati. Da filafili ni da ƙanena muka komo gaɓa, can ƙasa da inda muka tashi, na mayar wa kowa kuɗinsa.

Baba bakanike da ya zo ko sifana bai taɓa ba. Gorar ruwa ta roba ya nema, ya cire kan tiyon da ke shiga inji, ya matsa famfon har gorar ta kai rabi, ya ajiye ta a kan benci.

"Zo ka gani da idonka, ɗana."

Man ya rabu gida biyu. Sama fetur ne da launin man inji, ƙasa kuma ruwa ne kamar kaurin yatsa biyu, ga ɗigon tsatsa yana yawo a ciki. Litar ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kamar kashi uku cikin huɗu na kilo ce, shi ya sa ruwan yake kwanciya a gindi. Bututun tanki kuma daga gindin yake zuƙa. Abin da ya ɗauke mu daga kwata ragowar man jiya ne da ya kwana a tiyo da kafireto.

Nan take na ɗora wa ɗan bumburutun da na sayi mai a wurinsa laifi, har ina rantsuwa. Baba ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini murfin tankin. Kusar shan iskar murfin a buɗe take, robar bakin ta tsage, tankin kuma a fili ya kwana cikin ruwan daren jiya, don na yi ƙyuyar rufa tamfol. Ban sake cewa uffan ba.

Muka kinkimi tankin zuwa gindin mangwaro, nesa da masu suyar kifi da mai shayi. Baba ya tokare shi da dutse ya karkata gefe ɗaya, ya ce kada wanda ya taɓa sai bayan awa guda. Wannan jiran ne ya fi ci mini rai, ina kallon jiragen mutane suna lodi suna tashi. Da lokaci ya yi, ƙanena ya kai tiyo baki zai zuƙa, Baba ya buge masa hannu: fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, sai asibiti. Da famfon roba muka janye na sama a hankali zuwa jarka mai tsabta, bakin tiyon yana bin saman man, muna tara kaɗan a gora muna dubawa. Tankin lita 25 ne, mun tsira da kamar 18.

Raina ya so in ƙara tatsar ko lita biyu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba wanda ke kallon fetur a matsayin abin zubarwa. Baba ya ce, "Lita biyun nan ita za ta sake tsayar da kai a tsakiyar ruwa." Muka juye sauran a gwangwani ya tafi da shi, zai riƙa wanke kayan inji. Kogi dai ba a zuba masa, daga cikinsa muke cin kifi.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Muka ɗauraye tankin da ɗan sabon mai, muka kife shi ya bushe. Ya kwance kusar gindin kafireto, ruwa ya tsiyayo kamar cokali biyu, ya zubar da na cikin kofin tace mai, ya goge fulogai. Na sayo lita bakwai na cika, na zuba musu man inji daidai ma'auni, ɗaya cikin hamsin. Bayan la'asar, a ja na biyar, ya tashi da farin hayaki, sannan murya ta daidaita.

Robar murfin ba a samu ba, Baba ya yanko mini ta wucin gadi daga tsohon tib ɗin babur. Ga hadari can ya sake haɗowa a gabas. Tankin yana ƙarƙashin rumfa, na fita sau biyu na taɓa kusar.